Kunun zaƙina ya yi kauri kuma ya fara tashi, in ƙara masa ruwa?

Maman Sadiya, Badariya (Birnin Kebbi) · Alhamis, 6:40 na safe

Assalamu alaikum. Don Allah masu sana'ar kunu da duk wanda ya san kan abin ku agaza mini da wuri. Ina rubutun nan ne bokitin yana gabana, ina kallonsa yana kallona.

Shekarata huɗu ina kunun zaƙi na sayarwa a gida, ban taɓa shiga irin wannan ba. Maƙwabciyarmu ta haihu, gobe Juma'a suna, ta ba ni kuɗin gora 60, ƙananan nan na rabin lita, lita 30 ke nan. Na jiƙa gero tiya biyu tun daren Talata. Mai injin unguwarmu ya ce mini yau Alhamis ba zai buɗe ba, zai je ɗaurin aure Jega. Sai na yi wa kaina dabara, na ce bari in markaɗa Laraba, in dama da dare, in tace yau da safe, in ɗura, in kai firizar ƙanwar maigidana ya wuni ya kwana, gobe a fito da shi da ƙanƙararsa. Kun ji dabarar da ta kai ni ta baro.

Ga yadda nake yi kullum. Gero da citta da kanumfari da masoro kaɗan ake markaɗawa tare. Ƙullun sai in raba shi uku, kashi biyu in sheƙa musu tafasasshen ruwa har su dahu su yi kauri, kashi ɗaya in bar shi ɗanye, a cikinsa nake zuba garin tsiron shinkafa da na busasshen dankali. Tsiron da hannuna nake yinsa, yayana ke aiko mini da shanshera daga Suru. In mai zafin ya sha iska sai in juye ɗanyen a kai, in gauraya, in rufe. Kafin asuba ya tsinke da kansa, ya yi zaƙi tun ban sa sukari ba. Wajen tata nake ƙara ruwa kamar lita 10, wanda na tafasa tun dare ya huce.

Jiya an ɗauke wuta tun magariba. Sauro kamar su ɗaga mutum, ga ƙaramata tana ta kukan zafi, ƙuraje duk sun feso mata a wuya. Ban jira ba. Ina gama damawa, ko minti biyar ba a yi ba, tururi na tashi, na juye ɗanyen. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na zuba sukari kilo 2 tun a daren, wai in rage wa kaina aikin safe. Na danna murfin bokitin gam saboda kyankyasai, na kwanta. Ruwan tata ma na manta ban ɗora ba.

Da na idar da sallar asuba na buɗe, sai da murfin ya yi tsaki. Kauri kirtif, ludayi yana tsayawa a tsakiya da ƙafarsa. Na zuba a rariya, da ƙyar yake ɗiga. Ga 'yan kumfa ƙanana a gefe-gefe, in kin kasa kunne kina jin yana "sss". Tsami ya fara, ba can ba, kamar na kamun kwana biyu. Abin da ke ciki zai kai lita 20.

Uwar maigidana ta leƙo, ta sunkuya ta shinshina, ta ce, "Wannan ai ya tashi. Burkutu za ki kai wa mutane gidan suna?" Wallahi tun da ta faɗi haka jikina ya yi sanyi.

To abin da nake tambaya: in na maka masa ruwa da yawa yanzu, kamar lita 12 ko 15, kaurin zai saki, tsamin ya ragu, tashin ya tsaya har ya kai gobe? A raina ina ganin ruwa zai raunana koma mene ne ke aiki a ciki. Kuma gas ɗina ya ƙare, ruwan da ke gidan na 'yan garuwa ne, jarka huɗu da na saya jiya. Wuta har yanzu ba a kawo ba, ƙanwar maigidan ta ce firizar ta narke. Sannan maganar Hajiya, da gaske kunu na kwana ɗaya yana zama abin da ta faɗa?

Ɗan Kasuwa Na Jega · 6:52

Hajiya kada ki wahalar da kanki. Ki zabga ruwa, ki ƙara sukari da filebo, ki ɗura. Ranar suna da wannan zafin ƙishirwa ke damun mutane, wa zai tsaya bincike?

Inna Ta Argungu · 7:15

Wa alaikumus salam ɗiyata. Jikata ka rubuta mani, ni ban ganin ƙananan baƙaƙe. Kak ki saurari wancan yaro na sama, ba shi za a nuna da baki cikin unguwa ba.

Tsiro na kinka kashe, ba wani abu ba. Tsiro rai garai, shi ka cin kaurin kunu cikin dare shi mai da shi zaƙi. Da kinka zuba shi cikin abin da ka tururi kin dahe shi, kin kuma dahe ɗanyen ƙullun da ka tare da shi, kauri ya hau bisa kauri. Mu yadda anka koya muna, sai kin tsoma ɗan yatsa kin ƙidaya ɗaya, biyu, ukku ba ki hizge ba, sannan a haɗa. In kuma kinka bari ya yi sanyi ƙalau, nan ma tsiron barci shikai. Na hi shekara talatin ga wanga aiki, tun muna ɗaukar tulu muna kai shi bakin Matan Fada lokacin kamun kihi, kuma ni ma na kashe tsiro ba sau ɗaya ba. Duk ranar da nic ce sauri nikai, ranar nika kwana biyu ga aikin kwana ɗaya.

Batun ruwa kuwa, ruwa na gyara kauri, amma ba su gyara tsami, ba su kashe tashi. Kunun da ya hwara magana cikin bokiti, ba ruwa ka rufe mai baki ba, wuta ta. In yau za a sha shi kahin azahar, to ki tahasa ruwa su huce, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan wurin tata, kina ɗanɗanawa. Ko hakan ba za ki sami kunun da kinka saba ba. Zai yi lami, gardin babu, kuma in ya zamna cikin gora sai ki ga ruwa bisa, ƙullu ƙasa. Amma ki kai shi gobe cikin zahin Afrilu babu ƙanƙara, da sukari ciki? Gorunan ciki za su yi. A buɗe guda shi wanke ma mai jego huska.

Ki hura gawayi yanzu-yanzu, ki juye shi ga tukunya, ki ƙara ruwa, shi tahasa sosai kina motsawa da muciya kar shi kama. Ya zama koko mai tsami-tsami, ki kira mai ƙosan bakin layi ku yi ciniki, abin da ya rage ki ba almajirai. Sannan ki jiƙa wani gero da ruwan ɗumi. Gero ba dawa ba ne, kahin la'asar ya jiƙu. Inji kuma ba guda ɗaya ba ne cikin Birnin Kebbi duka.

Maman Sadiya · 7:31

Inna Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi kamar kina tsakar gidan jiya. Amma Inna, gero tiya biyu da sukari kilo 2 fa, kuɗin mutane ne, ribar da zan ci ba ta kai rabin haka ba. Shi ya sa nake ta neman ko da wata hanyar da zan ceto shi. In na ƙara masa sabon tsiro yanzu fa? Ina da saura kamar gwangwani uku.

Malam Mai Alli, Gusau · 8:05

Maman Sadiya, sannu da ƙoƙari. Ni kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare. Inna ta riga ta gama magana, ni sai dai in maimaita da yaren aji, in ɗora lissafi a kai don ki ga dalilin da ya sa ruwa ba zai fisshe ki ba.

Abubuwa biyu daban ne suka same ki, kina haɗa su wuri ɗaya. Na farko kaurin. Hatsi in ya tsira yana fitar da wani sinadari da ake kira amiles, aikinsa yanyanka sitaci ya mai da shi sukari. Dankalin Hausa ma yana da irinsa, shi ya sa dafaffen dankali ya fi ɗanye zaƙi. Amiles ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70, in an kai 80 ya lalace, kuma ba ya farfaɗowa. Ƙullun da aka sheƙa wa tafasasshen ruwa minti biyar da suka wuce yana sama da haka. Sabon tsiro yanzu ba zai yi miki abin kirki ba, don amiles na hatsi ba ya son tsami, kuma sai kin sake ɗumama bokitin kin jira sa'o'i, alhali ɗaya matsalar tana ci gaba. Ki adana gwangwani ukun nan don na daren yau.

Na biyu tashin. Wannan aikin masu rai ne. Akwai bakteriya masu sa tsami, dangin waɗanda ke mai da madara nono, akwai kuma yis, ɗan uwan wanda ake sa wa fanke da burodi. Zafin jiya ya kashe da yawansu, amma ba duka ba, ga na jikin bokiti da murfi da ludayi. Da kunun ya huce cikin dare ya sauko wajen digiri 30 zuwa 40, wanda shi ne zafin ɗakinki a wannan watan ko ba ki yi komai ba, sai suka tarar kin ajiye musu sukari kilo 2. Bakteriya suna ba da tsami. Yis yana cin sukari ya raba shi kusan biyu, rabi barasa, rabi iskar nan da ke cikin lemon kwalba. Ita ce "sss" ɗin da kike ji.

Ga lissafin. Kilo 2 a lita 20, giram 100 ke nan a kowace lita. Kusan giram 17 na sukari a lita shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Wato in aka bar yis ya cinye sukarin nan tas, abin zai iya dosar kashi 6 cikin 100. Kada ki firgita, wannan aikin kwanaki ne, ba na dare ɗaya ba. Kunun da ya kwana ɗaya yawanci ko kashi 1 ba ya kaiwa, tsami ne ke rinjaye. Amma hanyar ke nan da ya kama.

Yanzu ki zuba ruwa lita 10. Ya zama lita 30, sukari ya koma kusan giram 67 a lita, ƙarshen tafiyarsa ya sauko wajen kashi 4. Sukarin da ke bokitin bai ragu da ƙwaya ɗaya ba, yis ɗin ma ko ɗaya bai mutu ba, fili kawai kika ƙara musu. A abu mai ruwa-ruwa ma sun fi sakewa. Sannan ɗanyen ruwa yana shigowa da iska a narke cikinsa, yis yana amfani da ita ya hayayyafa, akwai kuma wasu bakteriyar da ke jiran iska su mai da barasa khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. Shi ya sa abin da aka tsarma da ɗanyen ruwa yake saurin yin tsami mai yaƙushin maƙogwaro. Tafasa ruwa yana korar iskar, yana kashe abin da ke ciki.

Batun gora kuma, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na sukari, giram 4, in yis ya cinye shi yana fitar da iska kusan lita 1. Ki tura lita 1 cikin gorar rabin lita da ke cike da kunu, murfi a ɗaure. Abin da Inna ta ce zai sami mai jego ke nan.

In kina son ki gani da idonki, ki cika gora ɗaya da wanda kika tsarma, ki ɗaure, ki ajiye a taga, ki riƙa matsa ta bayan kowace sallah.

Baban Grace, Zuru · 8:40

Maman Sadiya ina gaisuwa. Ni Badakkare ne, Kirista, kuma a ɗakin kakata na tashi, wadda burkutu ne sana'arta har ta tsufa. Ita ake ba aikin in za a yi gayya ko samari sun zo golmo, wato noman da suke yi wa iyayen yarinyar da za su aura, balle lokacin bikinmu na Uhola. Ni ban sha, amma na ɗebi ruwa na hura wuta har na gaji, don haka bari in ba Hajiya surukarki amsa da girmamawa: abin da ke bokitinki bai zama burkutu ba, da sauransa da nisa.

Burkutu aikin kusan mako ne. Jar dawa ake jiƙawa, a shimfiɗa a rufe da ganye ana yayyafa ruwa kwana uku zuwa huɗu har ta tsira gaba ɗayanta, ba ɗan gwangwani ba kamar na kunu. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, washegari a sake dafa shi sa'o'i a manyan tukwane har ya kafe ya yi zaƙi kamar maɗi. Sai ya huce a zuba masa guntun tsohon da aka ajiye daga na baya, wannan shi ne irin. Daga nan kwana ɗaya zuwa biyu yana tafasa ba wuta, kumfa tana ambaliya, tun daga zaure kana jin warinsa. Ƙarfinsa kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kusa da lissafin da Malam ya yi wa sukarinki.

Abin da ya sa na sa baki shi ne maganar ruwa. Kakata duk ruwan da za ta sa, a kan wuta take sa shi, kafin a zuba iri. Da zarar tukunya ta fara tashi, ko ɗigo ba ta yarda ya shiga, ƙwaryar da za a ɗiba ma sai busasshiya. Akwai matan da ke ƙara ruwa ranar kasuwa don tukunya ta yi auki, kuma masu sha sun san su ɗaya bayan ɗaya. Nasu da safe salam, kafin yamma ya yi tsamin da ko kyauta ba a karɓa. Ban taɓa ganin wadda ta tsayar da tashi da ruwa ba. In tana son ta tsayar da wani kaso don yara su sha zaƙinsa, kafin iri take ɗiba, ko ta mayar da shi wuta.

Abu Hafsa, Talatar Mafara · 9:20

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, ni ɗalibi ne, ba mai fatawa ba, amma abin da kike tsoro an yi bayaninsa tun zamanin Annabi (SAW), don su ma suna jiƙa dabino ko zabibi a ruwa su sha, shi ne nabizu. A Sahihu Muslim, Nana A'isha (RA) ta ce suna jiƙa masa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Ibn Abbas (RA) kuma ya ruwaito cewa yakan sha a ranar da gobe da jibi zuwa yamma, abin da ya rage ya sa a ba wani ko a zubar. Kin ga kwana ɗaya ba ya haramta abin sha. Tsami ma ba shi ne illar ba, in ba haka ba da nono da fura da kamu da khal duk sun tafi. Illar ita ce bugarwa.

Sai dai ki riƙe ɗaya hadisin, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Don haka in abu ya riga ya kai matsayin da yake bugarwa, ƙara masa ruwa ba ya mai da shi halal. Naki bisa siffar da kika bayar bai kai nan ba. Amma kin ji daga bakin masana biyu inda ya nufa, kuma ke kika san za a sha shi ne gobe ba yau ba. Sannan ko an ajiye maganar maye gefe, matar nan kuɗin kunu mai kyau ta ba ki. Ɗan uwa na Jega, a ji tsoron Allah, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Anti Nas, Yawuri · 9:48

Ni duk ba tashin ne ya tsaya mini a rai ba, jarka huɗun nan ne. Maman Sadiya kin san rijiyar da aka ɗebo su? Kin san yaushe rabon a wanke cikin jarkar? Gidan suna akwai mai jego, akwai tsofaffi, akwai yara. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan, sama da dubu 3 suka rasu, Kebbi da Zamfara duk muna ciki, mu da muka yi aiki a lokacin ba mu manta ba. Mutane suna cewa ai tsamin kunu yana kashe cuta. Yana rage wasu, amma sai an ba shi lokaci, kuma akwai masu jure masa. Ruwan da kika zuba yanzu aka sha an jima bai ga wani lokaci ba.

Ko na daren yau za ki yi, ruwan tata ya tafasa har ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ya huce a rufe. Gorunan nan da ake tsintowa a wanke su da sabulu da ruwan zafi, murafen ma haka. Ƙanƙarar leda kuma a jera ta a kula a kewaye gorunan, kada a fasa ta cikin kunun, ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba.

Maman Sadiya · 10:05

Na ji, na gode muku duka, Allah ya saka. Na hura kurfoti. Hajiya na karanta mata na Baban Grace da na Malam Abu Hafsa, ta ce ita dai hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma ta yarda a yi kokon. Gero na biyu yana ruwa. Malam Mai Alli, na cika gora ɗaya kamar yadda ka ce, rabi kunun rabi ruwa, tana taga.

Maman Sadiya · Juma'a, 8:30 na dare

Na dawo in ba ku labari, don bai kamata a taimaki mutum ya ɓace ba.

Kokon ya sha ruwa fiye da yadda na zata. Lita 20 ɗin nan sai da ya cika babbar tukunyar biki da wata ƙarama, ina ƙara ruwa yana ƙara kumbura. Da ya tafasa, "sss" ɗin ya ɗauke ɗif, warin ma ya tafi, sai ƙamshin citta. Zaƙi ya ɗan yi yawa saboda sukarin, amma da tsamin sai suka daidaita. Rana ta riga ta yi, masu karin kumallo sun watse, don haka mai ƙosai rabin tukunya kawai ta karɓa. Na sayar da kaɗan a gida, sauran makarantar allon bayanmu aka kai. Abin da na mayar bai kai kuɗin sukarin ba, geron ya tafi sadaka, Allah ya karɓa.

Na biyun, ɗan maƙwabta ya kai mini markaɗe can wajen Rafin Atiku a kan mashin. Na dama bayan isha'i. Wannan karon na zauna a kan kujera 'yar tsugunno da fitilar waya, ina juya shi ina tsoma yatsa. Inna, sai da aka yi minti arba'in da wani abu kafin in iya ƙidaya ukun nan naki. Ashe duk shekarun nan ba lissafi nake ba, wanke-wanken da nake yi a tsakani ne yake cece ni. Murfin ban danna ba, tsumma mai tsabta na ɗaura na ɗora faranti. Ƙarfe huɗu na tashi, na sa ludayi ya nutse har ƙasa. Na tace da ruwan da na dafa tun yamma, sukari sai da na gama tata na sa, kuma kilo ɗaya da rabi ya isa don tsiron ya yi aikinsa. Gora 57 na samu. Na gaya wa mai jego gaskiya, na mayar mata da kuɗin uku, ta ce in bar shi, na ce a'a. Ƙanƙara ta leda na saya na jera a kula biyu kamar yadda Anti ta ce. Kafin a gama raɗin suna a shiga cikin gida babu ko ɗaya.

Saura gorar taga. Jiya da azahar tana matsuwa. Da la'asar ta yi tauri. Da isha'i gindinta ya turo, ta kasa tsayuwa, ta kwanta. Ruwa ya rabu a sama garau, ƙullu ya kwanta a ƙasa, 'yan kumfa suna hawa layi-layi. Na ce a bar ta ta kai lokacin da da za a sha ta a gidan suna. Yau da hantsi Sadiya ta riga ni, ta ɗauke ta ta shiga da ita ɗakin Hajiya wai za ta nuna mata, ta murɗe murfin a can.

Silin ɗin da labulen da carbin da ke rataye duk sun samu. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ta dai share gilashinta da bakin mayafi, ta shinshina hannunta, ta dube ni ta ce, "To, yanzu kuma me malaman naki za su ce?"

Wanda ya san abin da ke fitar da tabon kunu daga farin silin ya taimaka mini, na gwada omo ya ƙi.